Abincin Kanton da na Taiwan: abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya zauna a gidan abincin Sinawa

Mutumin Tawa ko na ƙauyukan arewacin Adar yakan haɗu da abincin Sinawa ne galibi a kan hanya. Ma'aikacin da ya je taro Yamai, ɗan cin ranin da ke Abijan ko Kotonu, ɗalibin da aka gayyata liyafa, ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou sarin kaya, duk sukan tsinci kansu gaban takardar abincin da ba su san ko suna ɗaya a cikinta ba. Wasu kan tashi da yunwa don gudun cin haram. Wasu kuma kan ci abin da da sun san sirrinsa ba za su taɓa ba. Wannan bayani ya shafi girki iri biyu da ake yawan samu a irin waɗannan gidaje, na Kanton da na tsibirin Taiwan: asalinsu, abin da ke cikinsu, da yadda Musulmi zai zaɓa hankali kwance.

Yadda Sinawa da tukunyarsu suka iso Nijar

Huldar Nijar da Sinawa ta bi ta ƙofa biyu. A 1963, zamanin Shugaba Diori Hamani, gwamnatin Taiwan ce Nijar ta ƙulla zumunci da ita, kuma a waɗannan shekaru Taiwan ta aika masana noman shinkafa ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar. A 1974, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka koma wajen Beijing. A 1992 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Amadou Cheiffou ta sake amincewa da Taiwan, sai Beijing ta janye. A 1996, zamanin Ibrahim Baré Maïnassara, aka maido da hulɗa da Beijing, kuma a haka ake har yau.

Ayyuka ne suka kawo mutane, mutane kuma suka zo da masu dafa musu abinci. Tun 1976 lardin Guangxi, maƙwabcin Kanton, yake aiko da tawagar likitoci Nijar. Sinawa ne suka gina filin wasa na Seyni Kountché da gada ta biyu a Yamai. Yarjejeniyar man Agadem da kamfanin CNPC a 2008 da buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011 sun ƙara yawansu, haka ma aikin bututun mai na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya ratsa kudancin jihar Tawa. A Yamai, sunaye irin su Le Dragon d'Or da Chez Chin sun daɗe a bakin masu fita cin abincin dare. A Najeriya kuwa labarin ya girmi haka, domin tun shekarun 1960 masu masana'antu daga Hong Kong suka zauna Kaduna da Kano, kuma girkin Hong Kong na Kanton ne.

Akwai kuma abubuwan Sin da suka riga suka zama na gida ba a lura ba. Ganyen shayin da ake dafawa sau uku a fada, daga Tawa har Abalak da Cintabaradan, koren shayi ne na ƙasar Sin. Awarar da mata ke soyawa a bakin titi ita ce abin da Sinawa ke kira tofu, kuma sun fi shekara dubu suna yin ta da waken soya. Taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku, wani haifaffen Taiwan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958.

Girkin Kanton

Kanton tsohon suna ne da Turawa suka bai wa birnin Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin Sin. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanen lardin sun haura miliyan 126. Daga 1757 zuwa 1842 tashar Kanton kaɗai sarakunan Sin suka yarda Turawa su yi fatauci a cikinta, kuma daga wannan yanki ne mafi yawan Sinawan farko suka fita neman arziki Amurka, Ostareliya da tsibiran teku. Shi ya sa a ƙasashe da yawa, in an ce abincin Sinawa, na Kanton ake nufi, alhali ɗaya ne cikin manyan girke-girke takwas da Sinawa ke lissafawa.

Ƙa'idar mai girkin Kanton ita ce kada kayan yaji su rufe ɗanɗanon abin da aka dafa. Barkono kaɗan ne ko babu. Citta, tafarnuwa, lawashi, ruwan waken soya da man riɗi su ne madogara. Wanda ya saba da yajin kilishi zai ji abincin kamar salam a cokalin farko, kuma ba laifi ba ne ya nemi a kawo masa man barkono a gefe.

Hanyoyin dahuwa biyu ne suka fi yawa. Ta farko turarawa, a cikin ƙananan kwandunan gora da ke aiki irin na madambaci. Kifi ɗungurungum da aka turara da citta da lawashi, aka kwarara masa mai mai zafi, shi ne ma'aunin gwanintar mai girki. A Yamai giwan ruwa na kogi kan maye gurbin kifin teku. Ta biyu suyar gaggawa a kasko mai zurfi da ake kira wok, bisa wuta mai ƙarfi ƙwarai, inda nama da ganye ke nuna cikin minti biyu ko uku. Shi ya sa ake yanka komai ƙanana tun a kicin, kuma ba a kawo wuƙa tebur.

Abin da Kanton ta fi shahara da shi shi ne dim sum, wato ƙananan loma iri-iri da ake ci da shayi daga safe zuwa azahar. A ciki akwai har gow, ƙullin gari mai sheƙi da jatan lande a ciki, da siu mai, wanda yawanci naman alade ne da jatan lande, da char siu bao, burodin turare mai cike da gasasshen alade. Akwai kuma fate-faten shinkafa mai ruwa da babu sukari, da gasasshiyar agwagwa, da taliyar shinkafa mai faɗi da ake soyawa da naman shanu. Miyar kawa mai kauri da ake zubawa a ganye, wani mai suna Lee Kum Sheung ne ya fara sayar da ita a Guangdong a 1888, kuma kamfaninsa, Lee Kum Kee, yana nan har yanzu.

Girkin Taiwan

Taiwan tsibiri ne mai mutane kimanin miliyan 23, kuma tarihinsa yana cikin tukunyarsa. Kakannin mafi yawan mutanensa sun ƙetaro ne daga lardin Fujian. Japan ta mulke shi daga 1895 zuwa 1945. A 1949 gwamnatin Chiang Kai-shek da ta sha kaye a yaƙin basasa ta koma can tare da sojoji da iyalai daga kowane lardi na Sin, kowa da girkin garinsu. Girkin Taiwan ya fi na Kanton zaƙi da duhun miya, kuma ya fi son dahuwa mai tsawo a ruwan waken soya.

Taliya da romon naman shanu, niu rou mian, ita ce tasar da tsibirin ke alfahari da ita, har birnin Taipei yana shirya mata gasa. Lu rou fan shinkafa ce da aka zuba wa niƙaƙƙen naman alade mai kitse. Gua bao burodin turare ne da aka naɗe da tsokar cikin alade. San bei ji, wato kaza mai kofi uku, ta samo sunanta daga kayan haɗinta: ruwan waken soya, man riɗi da giyar shinkafa, sannan a watsa ganye mai ƙamshi irin ɗoɗɗoya. Akwai wainar ƙwai da kawa, akwai kuma awarar da aka bari ta yi tsami, mai wari kamar daddawa, wadda ake soyawa a kasuwannin dare irin ta Shilin. Gidan abincin Taiwan da ya fi suna a duniya, Din Tai Fung, ya fara ne a 1958 a matsayin shagon sayar da man girki, ya koma sayar da abinci a 1972. Ƙullinsa mai romo a ciki, xiao long bao, na asali da alade ake yin sa.

Abin da ya fi yaɗuwa daga Taiwan shi ne shayin madara mai ƙwallaye, wanda aka fara a shekarun 1980. Baƙaƙen ƙwallayen da ke ƙasan kofin daga sitacin rogo ake yin su, ana shan su da tsinken zuƙa mai faɗi.

Inda Musulmi ke tuntuɓe

Naman alade shi ne naman yau da kullum a Kanton da Taiwan. Wanda ake gani a faranti bai cika zama matsala ba, domin kowa zai kauce masa. Wanda ba a gani shi ne abin lura, kuma wurare huɗu ne yake ɓuya.

Na farko cikin ƙulli. Ko da takarda ta ce ƙullin jatan lande ne ko na ganye, sau da yawa ana haɗawa da niƙaƙƙen alade ko kitsensa don ya yi taushi. Na biyu cikin romo, domin tukunyar romon da ake ɗiba a zuba wa miya da taliya takan kasance ta ƙashin alade da kaza. Na uku cikin mai, saboda wasu masu girki da kitsen alade suke suya, kuma da shi ake yin ɓawon wasu kayan zaƙi. Na huɗu giya: giyar shinkafa ta Shaoxing a girkin babban yankin Sin, da wadda ake kira mijiu a Taiwan, ana jiƙa nama da su ko a yayyafa a kasko. Kaza mai kofi uku ba ta cika sunanta sai da giya, don haka wanda ke son ta sai ya nemi a yi masa ba tare da ita ba.

Sai batun yanka. A Yamai naman shanu da na rago galibi daga mahautan gari yake fitowa, amma kajin ƙanƙara da ake shigowa da su daga waje sai an tambaya. A Guangzhou ko Taipei kuwa, in ba gidan Musulmi ba ne, babu dalilin ɗauka cewa an yi yankan Musulunci. Mafita mafi sauƙi a can ita ce kifi, ƙwai, awara da ganye. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Nijar ke bi, dabbobin ruwa halal ne, har da jatan lande, ƙaguwa da kawa. Abin tambaya shi ne man da aka soya su da abin da aka zuba musu.

Ruwan waken soya kuma ana yin sa ne da wake, alkama da gishiri da aka bari suka ruɓa tsawon watanni, kamar yadda ake yi wa kalwa kafin ta zama daddawa. Wasu kwalabe na ɗauke da tambarin halal, kuma mai shakka na iya neman a nuna masa kwalbar.

Karanta takardar abinci

A Yamai, Kotonu, Lome ko Abijan takardar da Faransanci take, kuma wasu sunaye na ruɗarwa. Riz cantonais, wadda kusan kowa ke fara nema, soyayyar shinkafa ce da ƙwai da koren wake, amma a tsarinta na asali akwai ƙananan yankan jambon, wato naman alade. Gidaje da yawa a ƙasashen Musulmi suna musanya shi da kaza ko naman shanu, sai dai a tabbatar kafin a ci. Nems kuwa na Biyetnam ne. Sun shigo Afirka ta Yamma ta hannun matan Biyetnam da sojojin Afirka suka auro lokacin yaƙin Indocin, daga 1946 zuwa 1954, kuma na asali da alade ake cika su. Raviolis da bouchées à la vapeur su ne ƙullin da aka ambata a sama. Kalmar laqué na nufin naman da aka shafa wa zuma ko sukari aka gasa: canard laqué agwagwa ce, porc laqué da travers alade ne. Aigre-doux miya ce mai tsami da zaƙi. Tambayoyin da za a yi wa mai hidima gajeru ne: babu porc, babu jambon, babu saindoux, wato kitsen alade, babu vin ko alcool. Masu hidima a waɗannan gidaje yawanci ƴan ƙasa ne, kuma sun fi kowa sanin abin da ke shiga tukunya.

A ƙasar Sin rubutun Sinanci ne, kuma haruffa kaɗan sun isa su tsare mutum. 猪 alade ne, 牛 saniya, 羊 rago ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi. Harafin 肉 na nufin nama, amma in ya zo shi kaɗai ba tare da sunan dabba ba, alade ake nufi. Wanda ya fi muhimmanci shi ne 清真, ana karanta shi qingzhen, alamar halal da ake rubutawa a ƙofar gidajen abincin Musulmi, sau da yawa a kan koren allo.

Ladubban tebur

Cin abincin Sinawa ya yi kama da na Hausawa ta fuska ɗaya: tarayya ake yi. Ba a ɗora wa kowa farantinsa. Ana jera kwanoni a tsakiyar tebur mai zagaye, wani lokaci bisa faifan gilashi mai juyawa, kowa yana ɗiba kaɗan-kaɗan zuwa ƙaramin kwanonsa na shinkafa. A ƙa'ida ana neman kwano ɗaya ga kowane mutum, a ƙara miya, a bambanta: kifi, kaza, ganye, awara. Mutum huɗu da suka nemi abinci iri huɗu suka raba sun fi wanda ya zo shi kaɗai cin riba.

Babban baƙo ko dattijo shi ke zama yana fuskantar ƙofa, shi ke fara ɗiba, kuma wajensa ake juya kan kifi. Ba a kafa tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin hakan na kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Ba a nuna mutum da su. Wanda bai iya riƙe su ba ya nemi cokali, babu mai ganin laifinsa. Ana zuba wa na kusa shayi kafin a zuba wa kai, kuma a Kanton wanda aka zuba wa yakan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu a madadin godiya. In butar ta ƙare, sai a ɗaga murfinta a bari a buɗe, mai hidima zai gane.

A liyafar kasuwanci mai gida kan ɗaga kofi ya ce ganbei, ma'ana a shanye. Baƙon da ba ya shan giya ya faɗa tun farkon zama, ya ɗaga kofin shayi ko lemo. Sinawan da suka yi hulɗa da Musulmi sun san wannan. Wanda ya yi gayyata shi ke biya, ba a raba kuɗin abinci a gaban baƙo, kuma ramuwar ita ce a gayyace shi wata rana. A babban yankin Sin ba al'ada ba ce a bar wa mai hidima tukuici, saɓanin Yamai ko Abijan.

Ɗan kasuwa a Guangzhou

Baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, ana yin sa sau biyu a shekara, a watannin Afrilu da Mayu, sannan Oktoba da Nuwamba. Ƴan kasuwar Afirka ta Yamma sun fi taruwa a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli, kuma a Xiaobei gidajen abincin halal suna da yawa, na ƙabilar Hui, na Uigur, na Larabawa da na ƴan Afirka. Shagunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a zuba mata romon naman shanu, yawanci na Musulmi ne, suna ko'ina a biranen Sin, kuma suna cikin mafi araha. Musulunci ba baƙo ba ne a birnin: masallacin Huaisheng na cikin mafi tsufa a ƙasar, kuma Musulmin wurin suna danganta kafuwarsa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. A Taiwan ma akwai babban masallacin Taipei da aka buɗe a 1960, da gidajen abinci masu takardar shaidar halal.

Jimla ɗaya ta isa a haddace: wo bu chi zhurou, ba na cin naman alade. Tun da furucin Sinanci na da wuya, ya fi sauƙi a sa wani ya rubuta ta a waya, a riƙa nunawa.

Lafiya da aljihu

Ruwan waken soya da miyar kawa gishiri ne mai yawa, don haka mai hawan jini ya nemi a rage, ya fi karkata ga abin da aka turara. Miyar aigre-doux da shayin Taiwan cike suke da sukari, abin lura ga mai ciwon suga. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, riɗi ko jatan lande ya faɗa kafin a ɗora kasko. Farin magin da ake zargin gidajen abincin Sinawa da shi kuwa, shi ne dai wanda ake sayarwa a kasuwar Tawa da sunan Ajinomoto, wanda wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908.

Nijar ba ta da teku, kuma daga Kotonu zuwa Yamai ya haura kilomita 1,000. Duk jatan lande ko ƙaguwar teku da ke faranti a ƙanƙare suka zo, shi ya sa suka fi komai tsada a takarda, kuma lokacin zafi da ɗaukewar wuta su ne suka fi saurin lalacewa. Kifin kogi, naman shanu, kaza da ganye sun fi araha da aminci. Inda aka rubuta cewa kifi da awo ake sayar da shi, a tambayi nauyinsa da kuɗinsa kafin a ce a dafa.

Mafi yawan abin da girkin Kanton ke buƙata yana cikin jihar Tawa. Albasar Galmi da lawashinta, tafarnuwa da kabeji na gandarin rani, kifin tafkin Tabalak, awara, da riɗi, wanda ƙasar Sin ke cikin manyan masu sayensa daga Nijar. Mai son gwadawa a gida ya samu kifi sabon kamu, ya tsaga jikinsa, ya cusa siraran yankan citta, ya turara shi a madambaci minti goma zuwa goma sha biyar gwargwadon girmansa. In ya sauke, ya barbaɗa lawashi, ya zuba cokali biyu na ruwan waken soya, sannan ya kwarara mai mai zafi a kai. Ruwan waken soya kaɗai ne zai nema a manyan kantuna ko ya yi saƙonsa daga Yamai ko Ƙonni.